Mary McLeod Bethune, Wadda Aka Hana Ta Zuwa Afirka

A cikin wannan wata za mu ba da labarin wata baiwar Allah, baƙar fata ta ƙasar Amurka, sunanta Mary McLeod Bethune. Tun tana budurwa ta ba da kanta domin ta zo Afirka ta yi aikin bishara, amma aka hana ta saboda launin fatarta. Waɗanda suka hana ta kuwa shugabannin mishan ne, masu bi kamar mu.

An haife ta ran 10 ga watan Yuli, 1875, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Mayesville, cikin jihar Karolina ta Kudu. Ubanta Samuel da uwarta Patsy dukansu dā bayi ne. A lokacin, shekara goma ke nan da kashe bauta a Amurka, gama a 1865 aka kashe ta, bayan babban yaƙin basasa. 'Ya'ya 17 suka haifa, Mary ce ta 15, yawancin yayyenta kuwa cikin bauta aka haife su. Iyayen suka yi ta tara 'yan kuɗi har suka sayi 'yar gona, suna noman auduga da shinkafa. Uwar kuma tana yi wa Turawan da suka mallake ta dā wanki.

A zamanin bauta dokar jihar ta hana a koya wa bawa karatu. Da aka 'yanta su dokar ta mutu, amma halin bai mutu ba. Ita Mary da kanta ta sha ba da labarin wata rana da ta raka uwarta kai wanki. Ta shiga inda yaran gidan su ke wasa, ta ga littafi, ta ɗauka. Sai wata yarinya ta ƙwace shi daga hannunta, ta tuna mata irinta ba su iya karatu ba. Maganar nan ta soke ta ƙwarai. Daga ran nan ta sa a ranta, abin da ya raba gidansu da gidan nan karatu ne, sai ta same shi.

Tana wajen shekara goma sai Ekklesiyar Presbyterian ta buɗe wata makaranta mai ɗaki ɗaya domin 'ya'yan baƙar fata. Malamar, Emma Wilson, ita ma baƙar fata ce. Aikin gona ba ya barin a tura yara duka, sai aka tura Mary ita kaɗai. Kowace safiya tana tafiya mil biyar a ƙasa, ta komo mil biyar, da dare kuma ta koya wa mutanen gidansu abin da ta koya da rana. A nan ne malamar ta karanta musu Yohanna 3:16. Yarinyar ta lura ayar ba ta ware kowa ba, ba ta yi zancen fari ko baƙi ba. Har tsufanta tana cewa tun daga ranar ta daina ganin kanta ƙasa da kowa. Amfanin karatun bai tsaya ga ruhu kaɗai ba. Da ta iya lissafi, sai ta riƙa bin ubanta wurin awon auduga, tana duba ma'auni, don kada a cuce shi.

Da ta gama wannan makaranta babu kuɗin ci gaba, sai ta koma gona. Amma can nesa, a garin Denver, akwai wata Baturiya mai ɗinki, Mary Chrissman, wadda ta ke keɓe wani abu daga ɗan abin da ta ke samu domin a ilimantar da yarinya baƙar fata guda ɗaya. Malama Wilson ta ba da sunan Mary. Da haka ta shiga makarantar 'yan mata ta Scotia, a Karolina ta Arewa, a 1888. Abin da ya fi ba ta mamaki a can shi ne ta ga malamai farare da baƙaƙe suna cin abinci a tebur ɗaya. Ba ta taɓa ganin haka ba. A 1894 ta wuce makarantar Littafi Mai Tsarki ta D. L. Moody a birnin Shikago, domin ta shirya wa aikin Afirka.

A 1895 ta gama, ta nemi hukumar mishan ta Ekklesiyar Presbyterian ta aike ta. Aka amsa mata cewa babu gurbi domin baƙar fata a aikinsu na Afirka. Masu karatu za su tuna a ƙarshen 1893 ne samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas suna neman hanyar shiga ƙasarmu, kafin 1894 ta ƙare kuwa Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida. Su na wata ƙungiya ce dabam, ba su suka hana Mary ba. Amma a duba fa, a shekarun da ma'aikata su ke kaɗan, kaɗan ɗin ma suna mutuwa, ga budurwa mai shekara 20, mai lafiya, mai ilimi, jikar mutanen Afirka, an maishe ta gida. Wannan laifi ne, bai kamata mu ɓoye shi ba don masu bi ne suka yi shi. Yaƙub ya riga ya tsauta wa Ekklesiya a kan tara cikin sura ta biyu ta wasiƙarsa.

Ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma ba ta bar Ekklesiya ba. Ta ga 'ya'yan Afirka na Amurka su ma suna bukatar Almasihu da makaranta. Ta koyar a garin Augusta ƙarƙashin wata shahararriyar malama, Lucy Laney, wadda ta kafa makaranta da kanta. A 1898 ta auri Albertus Bethune, shekara ta zagayo ta haifi ɗa, Albert. Auren bai yi ƙarko ba, mijin ya tafi a 1907, ita ta riƙe yaron.

Sai mu faɗi yadda makarantu su ke a kudancin Amurka a zamanin nan. A 1896 babbar kotun ƙasar ta yarda a raba farare da baƙaƙe, in dai abin da aka ba kowane sashi daidai ya ke. Rabawar aka yi, daidaitawar kuwa ba a yi ba. Makarantar Turawa ta sami gini da littattafai da malamai masu albashi mai kyau. Ta baƙaƙe sau da yawa bukka ce ko ɗakin sujada, watanninta kaɗan ne cikin shekara, littattafanta kuma tsofaffi ne waɗanda Turawa suka gama da su. A waɗansu wurare ma babu ita sam.

Haka abin ya ke a gabar jihar Fulorida, inda leburori baƙaƙe suka taru domin aikin hanyar jirgin ƙasa, 'ya'yansu suna yawo a titi. Mary ta ji labari, ta tafi garin Daytona. A watan Oktoba, 1904, ta kama hayar wani tsohon gida a kan dala 11 a wata, alhali kuwa dala ɗaya da rabi ce duk abin da ta ke da shi. Ta buɗe makaranta da 'yan mata biyar, da ɗanta. Babu tebur, babu kujera. Ta bi bayan kantuna da manyan masaukai tana tsintar akwatunan da aka zubar, su ne suka zama tebur da benci. Gawayi ya zama fensir. Tawada kuwa ruwan 'ya'yan wani itace ne aka matse. Da yara masu kwana suka zo, aka cusa ciyawa cikin buhunan masara, katifa ke nan. Domin kuɗin abinci ta riƙa toya gurasa mai zaƙi ta dankali tana sayar wa leburori. Waɗansu sun yi mata dariya, suna ce da ita maroƙiya. Cikin shekara biyu 'yan makaranta suka kai wajen 250.

Gidan ya yi musu kaɗan. Filin da ta iya saye kuwa jujin gari ne, wurin da mutane suka yi wa laƙabi da Ramin Jahannama. Aka sallama mata a kan dala 250, ta ba da dala biyar kafin alƙalami. Ita da 'yan matan suka kwashe shara da hannunsu. A 1907 suka shiga ginin farko, ta sa masa suna Ɗakin Bangaskiya. Attajiran arewacin Amurka su kan zo Daytona shan iska lokacin sanyi, ita kuwa ba ta jin kunyar ƙwanƙwasa ƙofa. Ta gayyaci James Gamble, mai babban kamfanin sabulu. Ya zo ya tarar da akwatuna maimakon tebur, duk da haka ya yarda ya zama shugaban masu riƙon amanar makarantar, ya taimake ta har mutuwarsa.

'Yan mata suna tashi ƙarfe biyar da rabi na asuba domin nazarin Littafi Mai Tsarki, ba a kwanta sai ƙarfe tara na dare. Tsakani ana koyon karatu da lissafi, da ɗinki da dahuwa da noma. Waɗansu baƙaƙe masu ilimi ba su so irin wannan makaranta ba, a ganinsu barori kawai a ke shirya wa Turawa. Maganarsu tana da kama, gama akwai masu ba da kuɗi da ba su son abin ya wuce nan. Amma ita ta san inda ta nufa. Sana'a ta ciyar da makarantar, a hankali kuma ta ƙara azuzuwan sakandare, da koyon malanta, da aikin jinya. Iyaye a cikinmu masu cewa karatun 'ya mace asara ne, sai su lura da mata ta fara, gama ta gane in uwa ta iya karatu, gidan duka ya iya.

Ba ta manta da teburin Scotia ba. Kowace Lahadi da yamma a kan yi taro a makarantar, 'yan mata suna raira waƙoƙi, Turawa baƙi suna zuwa da yawa. Dokar jihar da al'adar gari sun ce a raba wurin zama. Ita ta ƙi. Wanda ya shigo, duk inda ya sami wuri nan zai zauna, ko kusa da wa. Ga 'yan makaranta wannan ma darasi ne, suna gani da idonsu kowane mako.

Wata rana ciwon ciki mai tsanani ya kama wata 'yar makaranta, sai an yi mata aiki. Da kyar likitan asibitin Turawa ya karɓe ta. Da Mary ta je dubiya aka ce ta bi ta ƙofar baya, ta tarar an ajiye yarinyar a baranda, babu mai kula da ita. A 1911 ta buɗe asibiti kusa da makarantar da gado biyu, daga baya ya kai gado 20.

A 1920 matan Amurka suka sami ikon jefa ƙuri'a. Amma a kudu an ɗora wa mai zaɓe haraji da jarrabawar karatu, da nufin a hana baƙaƙe. Sai ta buɗe ajin dare tana koya wa manya, tana kuma tara kuɗin harajin. Akwai wata ƙungiyar Turawa ta asiri, Ku Klux Klan, masu rufe fuska da farin ƙyalle, masu ƙone gidaje da kashe mutane. A daren jajiberen wani zaɓe suka yi jerin gwano suka shiga filin makarantar. Ta sa aka kunna fitilun waje domin a gan su sarai, ta tsaya a fili, 'yan mata kuma suka ɗaga murya da waƙar sujada. Mutanen suka kewaya suka fita. Da gari ya waye ta ja jama'arta zuwa wurin zaɓe, aka bar su a layi yini guda, amma sai da suka jefa.

A 1923 aka fara haɗa makarantarta da ta samari mai suna Cookman, ta birnin Jacksonville, ƙarƙashin Ekklesiyar Methodist. Daga nan aka sami Kwalejin Bethune-Cookman, ita ce shugaba. A 1935 ta kafa majalisar da ta haɗa ƙungiyoyin matan baƙar fata na ƙasar. A 1936 Shugaba Franklin Roosevelt ya kira ta Washinton, ya danƙa mata sha'anin baƙaƙe cikin hukumar taimakon matasa. Lokacin talauci ne mai tsanani, hukumar tana ba 'yan makaranta ɗan aiki da lada don kada su bar karatu. Aikinta shi ne ta ga rabon 'ya'yan baƙaƙe bai maƙale a hannun ma'aikatan jihohi ba, har ta sa aka keɓe kuɗi musamman domin masu karatu mai zurfi. A 1945 tana cikin masu ba da shawara a taron da ya kafa Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sai a watan Janairu, 1952, ta taka ƙasar Afirka, shekara 57 bayan an hana ta. Gwamnatin Amurka ce ta aike ta Laberiya, wurin bikin rantsar da Shugaba Tubman, tana da shekara 76.

Ran 17 ga Mayu, 1954, babbar kotun nan ta warware hukuncinta na dā game da makarantu, ta ce raba yara saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar. Mary ta ji wannan da kunnenta, amma ba ta ga cikarsa ba, gama jihohin kudu sun yi ta gardama, har a 1957 sai da aka sa soja su raka yara baƙaƙe tara zuwa makaranta a garin Little Rock. Ita kuwa ciwon zuciya ya ɗauke ta a gidanta ran 18 ga Mayu, 1955, aka binne ta a filin makarantar. A 2007 kwalejin ta zama jami'a. A 2022 jihar Fulorida ta kafa siffarta ta farin dutse a ginin majalisar dokokin Amurka, a madadin ta wani janar wanda ya yi yaƙi a gefen masu riƙon bayi.