Kisra Anushirwan, sarkin Majusawa da ake ce wa Adali

Tun ina yaro a Sabo ta Ibadan nake jin sunan Kisra a daren Maulidi: fadarsa ta tsage, wutar Farisa ta mutu. Sai da na girma na fara tambaya, wai shi wannan Kisra wane ne?

Laƙabinsa Anushirwan, wato mai ran da ba ya mutuwa. Ya mulki Farisa daga 531 zuwa 579, addinin fadarsa kuwa Majusanci, wanda Zaradashti ya zo da shi. Mabiyansa na bauta wa Ahura Mazda, suna fuskantar wuta wajen ibada, kuma malamansu su ne alƙalan ƙasa.

A zamanin ubansa Kawadu, wani mai wa'azi cikin Majusawa mai suna Mazdak ya tashi yana cewa dukiya ta kowa ce, a buɗe rumbunan masu kuɗi. Ana fama da yunwa, talakawa suka bi shi, sarki ma ya karkata gare shi. Kisra ne, tun yana yarima, ya haɗa kai da manyan malamai aka kashe Mazdak da ɗimbin mabiyansa. Ni dai duk lokacin da na ji an ce masa Adali sai na tuna cewa waɗanda suka ci ribar wannan kisa su ne suka rubuta tarihinsa.

Amma fa ya yi aiki. Da, manomi ba ya taɓa amfanin gonarsa sai mai karɓar haraji ya zo ya yanke rabon sarki. Kisra ya kammala awon gonakin da ubansa ya fara, aka ƙirga dabino da zaitun, aka tsayar da haraji sananne da ake biya kashi uku a shekara. Kuɗin kai kuwa dirhami 4 zuwa 12, a kan maza masu shekara 20 zuwa 50. Malamai da sojoji da manyan gida ba sa biya, kun san yadda abin yake.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na ɗan zaman baƙunta, shi ne Antakiya. A 540 ya ƙwace ta daga Rumawa, ya kwashe mutanenta, akasarinsu Kiristoci, ya gina musu sabon gari kusa da Mada'in, har da gidajen wanka da filin tseren dawaki irin na garinsu. Larabawa suka riƙa ce wa wurin Rumiyya. Mutanen nan sun ci gaba da addininsu ƙarƙashin sarkin da ya ƙone musu gari.

Shekara 58 bayan rasuwarsa, a 637, rundunar Sa'ad bn Abi Waƙƙas ta shiga Mada'in. Da Sayyidina Umar ya zo tsara harajin Iraƙi, a kan tsarin Kisra ya ɗora.