James Ussher, Mai Ƙidayar Shekarun Duniya

Yaranmu da ke makaranta a Tudun Wada ta Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, sukan dawo gida da tambaya. Malami ya ce duniya ta yi shekara wajen miliyan 4,500, ga shi kuwa sun ji wani dattijo a ikilisiya ya ce 6,000 ne kaɗai. To, ina wannan lissafi na biyu ya fito? Bari mu ba da labarin mutumin da ya shahara da shi.

An haifi James Ussher a birnin Dublin, ƙasar Ayalan, a 1581. Yana da shekara 13 ya shiga kwalejin Trinity. Ya koyi Helenanci da Ibrananci, ya zama masani ƙwarai, a 1625 kuwa aka naɗa shi Babban Bishop na Armagh.

Ya yi shekaru yana bincike. Ya haɗa shekarun kakanni da ke cikin Farawa sura 5 da 11 da na sarakunan Yahuza, ya gwada su da tarihin Babila. A 1650 ya buga littafinsa da Latin, inda ya sa ranar halitta a 23 ga Oktoba, shekara 4004 kafin haihuwar Almasihu. Ya rasu a 1656, aka binne shi a Westminster Abbey.

Daga 1701 masu ɗab'i suka fara sa lissafinsa a gefen shafin Littafi Mai Tsarki na Turanci, har jama'a da yawa suka zaci nassi ne. Amma a 1890 William Henry Green na Princeton, mai riƙe da Maganar Allah, ya nuna jerin zuriya yakan tsallake sunaye. Ku duba Matta 1:8, an bar sarakuna uku tsakanin Yoram da Uzziya.

Har yau masu bi sun sha bamban a kan wannan. Mu dai muna girmama Ussher saboda himmarsa, amma lissafinsa aikin ɗan adam ne. Farawa ta gaya mana wanda ya halicci duniya, ba ta rubuta shekarar ba. Kada mu ɗaura bangaskiyar yaranmu ga lambar da ke gefen shafi, gama in lambar ta girgiza, su ma za su girgiza.