Semelwais, likitan da ya ce a wanke hannu

An haifi Iginas Semelwais a shekara ta 1818 a garin Buda, cikin ƙasar Hongiri. Ya yi karatun likita a Biyen, babban birnin Otirish. A 1846 ya kama aiki a gidan haihuwa na babban asibitin birnin.

Gidan haihuwar nan sashe biyu ne. A na farko likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, a na biyu kuwa ungozomomi. Wani ciwo da ake kira masassarar jego yana ta kashe mata. A sashen likitoci, cikin mata 100 wajen 10 ke mutuwa, a na ungozomomi wajen 4. Matan gari sun san haka. Wasu har kuka suke yi kada a kai su wurin likitoci.

Abin ya dami Semelwais ƙwarai. Ya duƙufa bisa littattafan asibitin, yana ƙidaya matattu wata bayan wata, amma bai gano dalili ba.

A 1847 wani abokinsa likita yana feɗe gawa, sai wuƙar wani ɗalibi ta yanke shi a yatsa. Ya kwanta, ya mutu. Da aka duba gawarsa, sai aka ga alamomi irin na matan nan. Nan Semelwais ya gane. Likitoci da ɗalibai sukan taɓa gawa da safe, daga nan su wuce wurin masu naƙuda. Ungozomomi ba sa taɓa gawa. Ashe a hannun masu magani ciwon yake tafe!

Cikin watan Mayu ya sa doka: kowa ya wanke hannu da ruwa mai kulor, ɗan'uwan ruwan jabel, kafin ya taɓa mace. A watan Afirilu mata 18 cikin 100 suka mutu. A watan Yuni, wajen 2 kaɗai.

Duk da haka likitoci da yawa suka ƙi yarda. Lokacin nan ba a san ƙwayoyin cuta ke kawo ciwon ba, kuma babban likita ba ya son a ce hannunsa na da dauɗa. Shi ma Semelwais yana da zafin rai. Sai a 1861 ya fid da littafinsa, ya kuma riƙa aika wa masu musu takardun zagi.

A 1865 aka kulle shi a gidan mahaukata a Biyen. Bayan sati biyu ya rasu, yana da shekara 47. Daga baya binciken Paster na Faransa ya nuna yana da gaskiya. Tun 1969 jami'ar koyon likita ta Budapes take ɗauke da sunansa.