John DeLorean (1925-2005): Maƙerin Motar GTO

Gabatarwa

A ƙasar Hausa doki shi ne ma'aunin ƙarfi da ƙasaita, kuma da doki Turawa suke auna ƙarfin injin mota. Wannan maƙala za ta duba rayuwar John DeLorean, Ba'amurken da ya cusa ƙarfin dawaki 325 cikin matsakaiciyar mota, ya sauya tarihin motoci da ɗabi'un samarin ƙasarsa.

Haihuwarsa da Aikinsa

An haifi DeLorean a birnin Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka, ran 6 ga Janairu, 1925. Mahaifinsa baƙo ne daga Romaniya, ma'aikaci a masana'antar Ford. Bayan ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kammala karatun injiniya a 1948. Ya taɓa aiki a Chrysler da Packard, sannan a 1956 ya koma Pontiac, reshen kamfanin General Motors, wanda a lokacin ake yi wa motocinsa kallon na dattawa. A 1961 ya zama babban injiniyan reshen.

Motar GTO

Kamfanin yana da doka wadda ta hana sa babban inji a matsakaiciyar mota. Shi kuwa DeLorean da abokan aikinsa sai suka yi wa dokar zagaye: suka ɗauki inji mai silinda 8, suka ɗora wa motar Tempest, suka ce ƙari ne kawai ga mai sayen da ya so. Haka GTO ta fito a 1964. An yi shirin ƙera 5,000, amma aka sayar da fiye da 32,000 a shekarar farko. Dalili kuwa shi ne, saurayi mai ƙaramin albashi ya sami gudun da a da sai attajiri. Mawaƙa suka wasa ta, sauran kamfanoni suka bi sahu da irin su Dodge Charger. DeLorean ya zama shugaban Pontiac a 1965, yana ɗan shekara 40.

Sai dai zamanin bai daɗe ba. Kuɗin inshora ya hau, aka kafa dokokin rage hayaƙi, sannan farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973. Bayan 1974 aka daina ƙera GTO, sunan ya ɓace har shekara 30. Abin lura a nan shi ne, tsadar man da ta kashe ta ita ce ta kawo wa Nijeriya arzikin da ya cika hanyoyinmu da motoci. Amma wadda ta saba ratsa Ƙofar Kuyambana a Zariya ita ce Peugeot, da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, domin bukatarmu juriya ce da sauƙin gyara.

Faɗuwarsa

A 1973 DeLorean ya bar General Motors don kafa nasa kamfanin. Gwamnatin Birtaniya ta zuba masa kuɗi, ya gina masana'anta kusa da Belfast. Motarsa mai ƙofofi masu buɗewa sama kamar fukafukai ta fito a 1981, amma ta yi tsada, kuma ba ta da gudun da siffarta ta nuna. Kimanin 9,000 aka ƙera kafin kamfanin ya durƙushe a 1982. A Oktoban wannan shekara aka kama shi bisa zargin fataucin hodar iblis. Kotu ta sallame shi a 1984, bayan lauyoyinsa sun nuna cewa tarko jami'an gwamnati suka ɗana masa, amma mutuncinsa bai dawo ba. Ya rasu ran 19 ga Maris, 2005.

Kammalawa

Ƙarfin halin da ya ɗaukaka DeLorean shi ne ya kai shi ƙasa. A Pontiac akwai kamfani mai linzami a bayansa. Da ya tsaya shi kaɗai, babu mai ja masa. An rufe Pontiac a 2010, amma har yanzu masu tara tsofaffin motoci suna sayen GTO da tsada, kuma masana da yawa daga gare ta suke fara lissafin wannan jinsi na motoci masu ƙarfi.