Donald Pederson

Donald Oscar Pederson (30 ga Satumba, 1925 – 25 ga Disamba, 2004) injiniyan lantarki ne ɗan ƙasar Amurka, kuma farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. An fi saninsa da jagorantar aikin SPICE, manhajar da ake gwada da'irar lantarki da ita a kwamfuta kafin a ƙera ta.

Rayuwar farko da karatu

An haife shi a garin Hallock na jihar Minnesota. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya koma karatu, ya samu digirin digirgir a Jami'ar Stanford a 1951. Ya yi aiki a Bell Labs kafin ya koma Berkeley a 1955, inda ya koyar har ya yi ritaya a 1991.

SPICE

Da'irar da aka haɗa da waya, idan ta ƙi aiki, ana iya sauya mata kaya a sake gwadawa. Wadda aka zuba a kan ƙwayar silikon kuwa ba ta gyaruwa, kuskure ɗaya na iya cinye watanni da kuɗi masu yawa. Wannan ne ya sa ake buƙatar a lissafa yadda wuta za ta bi cikinta tun tana zane.

Manhajar ta samo asali ne daga wata mai suna CANCER, wadda ɗaliban Ronald Rohrer suka rubuta. Da Rohrer ya bar jami'ar, ɗalibinsa Laurence Nagel ya koma ƙarƙashin Pederson, wanda ya dage sai an sake rubuta ta an ba kowa kyauta. Sunan ma ya sauya: na farko ciwon daji yake nufi da Turanci, na biyu kayan yaji. An gabatar da SPICE a 1973, SPICE2 ta biyo baya a 1975.

Wannan dagewa tasa ce ta yi tasiri fiye da komai. Da yake ba a sayar da ita ba, jami'o'i da kamfanoni suka ɗauka suka gina nasu a kanta, kamar PSpice da HSPICE, har ta zama ma'aunin da injiniyoyi suka haɗu a kai. Da irin waɗannan manhajoji ake gwada da'irorin ƙananan kwamfutocin da ke ɓoye cikin mitar wuta mai kati, na'urar POS da wayar hannu.

Karramawa da rasuwa

Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta ba shi babbar lambar yabonta a 1998. Ya rasu yana da shekara 79, bayan fama da cutar Parkinson.