Abubakar Tafawa Ɓalewa da Turancinsa

Cikin mutanen da tsohuwar Kwalejin Katsina ta yaye, da wuya a sami wanda sunansa ya kai inda na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai. Labarinsa na mulki sananne ne, yana cikin littattafan tarihi. Abin da mu ke so mu duba tare da ku, 'yan'uwanmu 'yan makaranta da malamanmu, shi ne yadda yaron ƙauye, wanda bai tashi da jin Turanci a gidansu ba, ya mallaki harshen nan har ana kiransa mai muryar zinariya na Afirka. Mun zaɓi wannan gefe na rayuwarsa ne don ya shafe mu, gama wahalar da mu ke sha yau a ajin Turanci ita ce ya sha tun kafin a haifi iyayenmu.

An haife shi cikin watan Disamba na 1912 a Tafawa Ɓalewa, ƙasar Bauci, sunan garin ne kuma ya bi shi har ƙarshen ransa. Ubansa Yakubu Ɗan Zala Bagere ne, yana aiki ƙarƙashin hakimin ƙasar, watau dai Abubakar ba ɗan sarki ba ne, ba kuwa jikan sarki ba. Ya yi karatun allo kamar sauran yaran Musulmi, sa'an nan aka sa shi makarantar boko ta garinsu, daga nan ya wuce babbar makarantar lardi a Bauci. A zamanin nan da Hausa a ke koyar da yara a elementare, sai sun yi gaba su ke gamuwa da Turanci sosai. Saboda haka ba da wuri ya fara ba. Cikin 1928, yana da shekara wajen goma sha biyar, aka aika da shi Katsina.

Kwalejin nan Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe ta cikin 1922, don a horar da malaman da za su koyar a makarantun Arewa. Yara kaɗan a ke ɗauka kowace shekara daga larduna, su yi shekara biyar. Abubakar ya tarar da Ahmadu Bello na Sakkwato da Abubakar Imam na Kagara suna gabansa a aji. Da Turanci a ke koyar da yawancin darussa, lissafi ne, ko tarihi, ko labarin ƙasa, saboda haka wanda Turancinsa ya yi rauni, duk karatunsa ya yi rauni ke nan. An kuwa san makarantar da tsananta wa yara kan furuci, har ya zama a kan gane ɗan Kwalejin Katsina da jin yadda kalmomi ke fita daga bakinsa.

To, mene ne wuyar abin? Kowane harshe da yadda ya ke horar da bakin mai shi. Mai jin Hausa ba ya rarrabe p da f, don a harshensa ɗaya su ke, alhali kuwa a Turanci musanya su ya kan juya ma'anar kalma gaba ɗaya. Akwai sautin da Bature ke yi da bakin harshe tsakanin haƙora, wanda babu shi a Hausa sam, sai mu mai da shi s ko z. Bakinmu kuma ba ya son baƙaƙe su taru ba wasali a tsakani, shi ya sa da muka ari kalmominsu muka gyara su suka zama burodi, da tebur, da sukurudireba. Hausa tana da wasula biyar, kowane da gajere da dogo, na Turanci kuwa sun fi haka yawa nesa. Mu da hawa da saukar murya mu ke rarrabe kalmomi, su kuwa gaɓa ɗaya su ke dannawa su sassauta sauran. Bayan duk wannan ga rubutunsu, wanda sau da yawa abin da ido ya gani dabam, abin da kunne zai ji dabam. Waɗannan ba a kawar da su da hardace nahawu. Sai an saurara, an maimaita, an karanta a bayyane, an yarda a yi kuskure gaban jama'a a gyara. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, shekarun nan biyar na Katsina kuwa su ne lokacin da aka tanƙwara harshen Abubakar.

Ya fita cikin 1933, ya koma Bauci ya zama malami a Midil, daga baya ya zama hedimasta. A nan ne za mu ga wani abu wanda ya kamata mu riƙe. Cikin shekarar nan da ya fita, Dokta East na ofishin fassara a Zariya ya nemi malaman Arewa su rubuta labarai na ƙirƙira da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi, da kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin Shaihu Umar na zamanin bauta ne, yaro aka sace aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa tana nema. Hausarsa a natse ta ke, ba ƙawa, ba gaggawa. An juya shi da Turanci cikin 1967, aka kuma yi fim da shi cikin 1976. Ashe mutumin da ya yi fice a Turanci, da Hausa ya fara yin suna. Wannan ya isa amsa ga masu zaton sai mutum ya yar da harshensa kana ya iya na wani. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Wanda ya saba shirya magana bi da bi a harshensa, shi zai iya shirya ta a harshen baƙi.

Bai ajiye koyo don ya zama malami ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da waɗansu ma'aikata suka riƙa taruwa a Bauci suna muhawara kan al'amuran ƙasa, wani lokaci har da Turawan mulki a zaune. Irin wannan zama makaranta ce ta biyu, gama a nan mutum ke koyon kafa hujja, da jimre wa suka, da mai da amsa ba tare da fushi ba. Cikin 1945 aka aika da shi Ingila, ya yi shekara guda yana koyon aikin malanta a Jami'ar Landan, inda ya zauna cikin masu harshen, ya ji yadda su ke sarrafa shi a aji da kasuwa. Da ya komo aka sa shi duba makarantu.

Ba a daɗe ba ranar amfanin abin ta zo. Cikin 1946 aka zaɓe shi ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, cikin 1947 kuma ya tafi Majalisar Dokoki ta Nijeriya. A Kaduna mutum na iya magana da Hausa, amma a majalisar ƙasa duka Turanci ne kaɗai. Wakilan Kudu kuwa akwai lauyoyi da likitoci da 'yan jarida, waɗanda suka riga mu shiga boko da shekaru masu yawa. Da Arewa ba ta sami wanda zai tashi ya faɗi bukatarta a fili ba, da sai a yanke mata hukunci tana zaune. Abubakar na cikin 'yan kaɗan da suka ɗauki wannan kaya, ya kuwa ɗauka har abokan gardamarsa suka riƙa yin tsit in ya miƙe.

Ba kan mutanen Kudu kaɗai ya yi amfani da bakinsa ba. Cikin watan Agusta na 1950 ya kawo shawara a majalisar Kaduna a gyara mulkin En'e, a rage ikon da ke hannun sarki shi kaɗai, a ba talakawa bakin magana, a kuma hana cin hanci. Ku tuna ɗan talaka ne, a zamanin da ba a saba jin irin wannan magana a bainar jama'a ba. Ya shirya ta da ladabi da hujja, yadda ba a sami inda za a kama shi ba. Gwamnati ta sa aka yi bincike, bayan 'yan shekaru kuma aka sake doka, ya zama sarki da majalisarsa su ke yanke shawara tare.

Daga nan sai hawa. Ya zama Ministan Ayyuka cikin 1952, sa'an nan Ministan Sufuri, cikin 1957 kuma ya zama Firayim Minista na farko na Nijeriya. Ran 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa na Ikko, wanda yanzu ke amsa sunansa, shi ya karɓi takardun mulkin kai daga hannun Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniyar Ingila. Ran 7 ga watan nan ya yi jawabi gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Amurka, ranar da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. Cikin Yuli 1961 Shugaba Kennedy ya gayyace shi, ya yi wa 'yan majalisar Amurka jawabi. Cikin Mayu 1963 kuma yana Adis Ababa sa'ad da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka.

An ɗauki muryarsa a waɗansu wuraren nan, har yanzu ana iya saurara, muna kuwa roƙon kowane ɗayanmu ya nema ya ji. Abin da zai fara lura da shi, mutumin ba ya sauri. Kowace kalma sai ta cika kana ta fita, yana tsayawa inda ma'ana ta tsaya. Ba ya farautar manyan kalmomi don ya tsorata mai sauraro, yawancinsu waɗanda ke cikin littattafanmu na aji ne. Mu kuwa sau da yawa mu kan zaci gwaninta ita ce gudu da tara kalmomi masu nauyi, har mai magana da mai ji duk su ɓace.

Amma kada mu ɗora wa harshe abin da ba zai iya ɗauka ba. Daɗin baki bai warware rigimar ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963 ba, bai kuwa kashe wutar da ta tashi bayan zaɓen 1964 da na Jihar Yamma na 1965 ba, har yau kuma masana tarihi suna gardama kan yadda gwamnatinsa ta bi da waɗannan al'amura. Cikin Janairu 1966 ya shugabanci taron ƙasashen Kwamanwel a Ikko kan maganar Rodeshiya. Kwana kaɗan bayan an watse, ran 15 ga watan, sojoji masu juyin mulki suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan 'yan kwanaki aka sami gawarsa a gefen hanya bayan garin Ikko, aka kai shi Bauci aka binne, yana da shekara 53. Jami'ar Bauci tana amsa sunansa, hotonsa kuma na jikin takardar naira biyar.

To, jama'a, kayan aikin da ya samu ba su kai namu ba. Littattafai kaɗan ne a zamaninsa, ba rediyo a ɗakin kwana, balle na'urar da za ta maimaita wa mutum kalma sau ɗari ba ta gaji ba. Abin da ya rage mana shi ne abin da ba a saye, watau naci. Mu karanta shafi guda a bayyane kowace rana, mu roƙi aboki ya tsai da mu inda muka karkace. Mu tashi mu yi magana ranar muhawara ko da gwiwa na rawa, mu kuma daina yi wa wanda ya yi kuskure dariya, gama dariyar nan ita ke rufe bakin yara da yawa har su fita makaranta. Mu rubuta Hausarmu da kyau kamar yadda mu ke so mu rubuta Turanci. Wata rana ɗayanmu zai tsaya a kotu, ko asibiti, ko majalisa, da bukatar mutanen garinsu a bakinsa, abin da ya koya a aji shi zai fid da su ko ya bar su.

Allah ya jiƙan Malam Abubakar, ya gafarta masa, mu kuma ya buɗe mana basira.