Nikola Tesla (1856–1943): Masanin da Ya Sauya Tafiyar Wutar Lantarki

Gabatarwa

A birnin Katsina, kamar a shaguna da gidajen unguwar Ƙofar Kaura, an saba ganin batir ajiye a lungu, an haɗa shi da wani ɗan akwati da ake kira inbata. Da zarar an ɗauke wuta, wannan akwati ne ke ci gaba da juya fanka da kunna talabijin. Tun da akwai wuta a cikin batir, me ya hana a jona fankar da shi kai tsaye? Amsar wannan tambaya tana cikin tarihin Nikola Tesla, wanda tsarinsa na wutar lantarki ya yi rinjaye a ƙarshen ƙarni na 19.

Haihuwarsa da Neman Iliminsa

An haifi Nikola Tesla ranar 10 ga Yuli, 1856, a ƙauyen Smiljan da ke ƙarƙashin daular Ostiriya, wanda a yau yake cikin ƙasar Kuroshiya. Iyayensa Sabiyawa ne. Mahaifinsa, Milutin, limamin coci ne. Mahaifiyarsa kuwa ba ta yi karatun boko ba, amma tana da baiwar ƙera kayan aikin gida da kuma kaifin hadda. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya biyar.

Burin mahaifinsa shi ne ya gaje shi a aikin coci. Sai dai bayan ya gama sakandare a 1873, cutar kwalara ta kwantar da shi har wata tara. A cikin wannan jinya ne mahaifin ya yi alkawarin barin sa ya karanci aikin injiniya idan ya tashi. A 1875 ya shiga makarantar fasaha ta Graz. A can ne wani malami ya nuna musu injin lantarki mai burushi, yana ta tartsatsi. Tesla ya nuna cewa ana iya ƙera injin da ba ya buƙatar burushin, malamin kuma ya mayar da maganar abin dariya a gaban aji. Bai kammala karatun ba, domin caca ta ɗauke masa hankali har ya bar makarantar a 1878, amma tunanin wannan inji bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Wuta Iri Biyu

Ba za a fahimci aikin Tesla ba sai an san cewa wutar lantarki iri biyu ce. Ta farko ita ce miƙaƙƙiyar wuta, wadda masu gyaran lantarki ke kira DC. Tana gudana ta fuska ɗaya, kamar ruwa a magudana, kuma ita ce batir ke bayarwa tun daga wanda Alessandro Volta ya ƙera a Italiya a 1800. Ta biyu ita ce wuta mai kaiwa da komowa, wato AC, wadda ke sauya fuska kamar yadda kafinta ke jan zarto.

A 1882 Thomas Edison ya buɗe tashar wuta a titin Pearl na birnin Niyok, yana rarraba miƙaƙƙiyar wuta mai bolt 110. Matsalarta ita ce ba ta iya yin nisa. Wuta mai ƙarancin bolt tana ɗumama waya, ta salwanta a hanya, don haka tashar ba ta iya kai wuta fiye da kimanin mil ɗaya. Ita kuwa mai kaiwa da komowa, taransifoma na iya ɗaga ta zuwa dubban bolt, a tura ta nesa, a sake sauke ta kusa da gidaje. Abin da ta rasa a lokacin shi ne nagartaccen injin da za ta juya a masana'antu. Wannan giɓi ne Tesla ya cike.

Gwagwarmayarsa

A 1881 ya sami aiki a ofishin tarho na birnin Budafes. A shekarar da ta biyo baya ya gano cewa idan aka tura wuta biyu ko fiye masu kaiwa da komowa, kowace tana bin bayan 'yar'uwarta, za su haifar da ƙarfin maganaɗisu mai kewayawa, wanda zai ja cikin inji ya juya ba tare da burushi ba. Daga nan ya yi aiki da kamfanin Edison a Faris, sannan ya isa Niyok a watan Yunin 1884. Kimanin wata shida ya yi a masana'antar Edison ya ajiye aikin, saboda saɓani a kan wani lada da ya ce an yi masa alkawari.

Kamfanin da ya kafa bayan haka ya kuɓuce masa, domin masu jarin sun juya masa baya, har ta kai shi ga haƙar rami a kan dala biyu a yini. A 1887 ya sami sababbin masu jari, a watan Mayun 1888 kuma ya karɓi takardun mallakar injinsa, ya gabatar da shi gaban ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Amurka. A wannan shekara George Westinghouse ya karɓi izinin amfani da ƙirar a kan dala 60,000 na kuɗi da hannun jari, tare da wani kaso a kan kowane injin da aka sayar.

Ya kamata a lura cewa ba Tesla ne ya gano wuta mai kaiwa da komowa ba. Wasu masana a Faransa da Ingila da Hangare da Amurka ne suka inganta taransifoma, kuma Galileo Ferraris na Italiya ya kai ga irin tunanin injin a ƙashin kansa. Gudummawar Tesla ita ce cikakken tsari, tun daga injin samar da wuta har zuwa injin da ke cin ta.

Takaddama da Nasara

Ɓangaren Edison ya dage wajen nuna wa jama'a cewa sabuwar wutar kisa take yi. Gasar ta yi tsanani har kamfanin Westinghouse ya shiga matsin kuɗi, a 1891 kuma Tesla ya yafe kason da ake biyan sa. A 1893 kamfanin ya haskaka babban bajekolin duniya na Shikago, sannan ya ƙera injinan tashar ruwa ta Niyagara. A watan Nuwamban 1896 wutar Niyagara ta isa birnin Buffalo, tafiyar kimanin kilomita 40. Daga nan gardama ta ƙare, har kamfanin General Electric, wanda ya gaji na Edison a 1892, ya rungumi tsarin.

Ƙarshen Rayuwarsa

Nasarar ba ta bar masa dukiya ba. A 1895 gobara ta cinye ɗakin bincikensa. A 1901 attajiri J. P. Morgan ya ba shi dala 150,000 don gina hasumiyar aika saƙo ba tare da waya ba, amma a watan Disamban shekarar Marconi ya riga shi tsallakar da saƙo tekun Atlantika. Kuɗi suka yanke, aka rushe hasumiyar a 1917. Ya ƙare rayuwarsa yana zaman otal da bashi, yana ciyar da tattabaru, bai taɓa aure ba. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Ya rasu a Niyok ranar 7 ga Janairu, 1943, yana da shekara 86. A 1960 aka sa wa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu sunansa.

Alaƙar Aikinsa da Inbata

Tsarin da ya yi rinjaye a Niyagara shi ne madatsar Kainji ke bi tun 1968, kuma shi ne ke kai wuta Katsina ta manyan wayoyi. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, tana kaiwa ta komo sau 50 a daƙiƙa, kuma a kan wannan aka ƙera kayan gida. Batir kuwa miƙaƙƙiyar wuta kaɗai yake iya adanawa, galibi bolt 12, haka kuma farantin sola ita yake samarwa. Aikin inbata shi ne sauya fuskar wutar batir da sauri, da ɗaga ta zuwa bolt 230. David Prince, injiniyan General Electric, ya yi rubutu a kan na'urar da wannan suna a 1925.

Matsalar da ta kayar da Edison tana nan tsakanin batir da inbata. Kayan da ke cin wat 120 suna jan kusan rabin amfiya a bolt 230, amma daga batir mai bolt 12 sai sun ja fiye da amfiya 10. Shi ya sa wayar batir take zama kakkaura kuma gajera, domin siririya tana iya yin zafi har ta ta da gobara. Haka nan injin fanka, wanda jikan ƙirar Tesla ne, yana son wutar da ke hawa da sauka a hankali. Inbata mai araha da ke sauya ta a gaggauce kan sa shi gurnani da zafi.

Kammalawa

Tarihin Tesla ya nuna cewa kayan da ake amfani da su yau da kullum sakamako ne na zaɓin da wasu mutane suka yi bayan doguwar jayayya. Akwai kuma darasi ga malamin gobe: tambayar da aka yi wa dariya a ajin Graz ita ce ta zama injin da ke juya masana'antun duniya. Wajibi ne malami ya auna tambayar ɗalibi kafin ya yi watsi da ita.

Auna Fahimta

1. Bayyana bambancin miƙaƙƙiyar wuta da mai kaiwa da komowa.
2. Wace matsala ce ta hana tsarin Edison yin nisa?
3. Me ya sa ake buƙatar inbata tsakanin batir da fanka?
4. Yi bayanin karin maganar da aka kawo dangane da ƙarshen rayuwar Tesla.